Abin da iyayenmu suka iya da hannu, mu sai da kuɗi: wa zai koya mana?

Baban Ummi (Unguwan Dosa): Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai abin da ke cina tun makon jiya, na ce bari in kawo shi nan. Mahaifina ya zo daga wajen Giwa ganin likita, ya kwana tara a gidana. Rana ta uku ya buɗe buhun waken da na saya tun kakar bara, ya tarar ƙwari sun mayar da rabinsa gari. Bai yi faɗa ba, kallona kawai ya yi. Washegari ƙotar 'yar fartanyar da nake share bayan gida da ita ta karye, na ce wa yaro ya ajiye, ranar Talata zan sayo sabuwa a kasuwar Kawo. Dattijon nan mai ciwon gwiwa ya taka wurin mai itace, ya zaɓo busasshen ice mai gwafa, ya feƙe shi da adda, ya ɗora tsinin ruwan fartanyar a garwashi har ya yi jajir, ya huda ƙotar da shi. Kafin la'asar an gama. Da ya miƙo mini sai ya ce, "Kai dai albashinka shi ne hannunka."

Maganar ta tsaya mini a rai saboda gaskiya ce. Kullen korona na 2020 ya zaunar da mu a gida sama da wata biyu a Kaduna. Farkon 2023 kuɗi na banki, amma ba ka iya riƙe su a hannu. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, komai ya tashi. Duk sau ukun nan na gane ba abin da na iya yi wa gidana in ban da saye. Tambayata: mutumin da ke zaune a haya cikin garin nan, wane aikin hannu ya kamata ya fara koya, kuma a wurin wa?

Maman Sadiq (Tudun Wada): Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Baban Ummi ka fara da kauda, ba ta buƙatar jari. Daga Janairu zuwa Maris, lokacin da tumatirin rani na Hunƙuyi da Soba da Ikara ya cika kasuwa, ka sayi kwando. A wanke, a yanka kowane biyu, a shimfiɗa fuskar yankan na kallon sama. Kada a ƙasa, kada a bakin kwalta irin yadda muke gani a hanya. Ni a kan raga nake yi, na ɗora bisa bulo huɗu don iska ta ratsa ta ƙasa, in rufe da tsohon gidan sauro saboda ƙuda da ƙurar hunturu. In ka matsa ka ji babu laushi, ya yi. Haka attaruhu, haka kuɓewa. Shekarar 2016 da ƙwaron nan da ake kira sharon ya cinye gonakin tumatir har gwamnatin jiha ta kafa dokar ta-ɓaci, kauda ce ta rufa wa gidana asiri, maƙwabta suna aiko yara da 'yan kwanuka.

Sani Keke (Rigasa): Hhhh "albashinka shi ne hannunka." Wallahi Baba ya gama da mu gaba ɗaya. Ni ko maɓallin riga ya cire sai na nemi tela.

Injiniya (Barnawa): Ku yi mini haƙuri, zan zama ɗan adawa. Duk lokacin da rayuwa ta yi tsanani sai mu fara kewar zamanin da, mu manta dalilin da ya sa iyayenmu suka gudo daga cikinsa. Malam Baban Ummi, kana fita aiki bakwai na safe ka dawo biyar. Fartanyar da Baba ya ɓata wuni a kanta, nawa take a kasuwa? In ka yi amfani da wannan wunin ka koyar da yara biyu lissafi, ka sayi fartanya uku. Shi ya sa aka raba sana'a: maƙeri ya yi ƙira, kai ka yi naka, ku yi musaya. Dogaro da kai ba yana nufin kowa ya koma maƙeri, masassaƙi, baduku, duk shi kaɗai ba. Ko a ƙauyen ma ba haka ake yi ba.

Baban Ummi: Injiniya ban ƙi taka ba. Amma ba wuni ya ɓata ba, ƙasa da awa biyu ne, kuma yana yi yana hira da jikokinsa. Sannan waken fa? Shi ai ba fartanya uku na yi asara ba.

Anti Larai (Malali): Ni ɓangaren Injiniya nake, amma da wani dalilin daban. Maza kuna son wannan zance saboda ba ku za ku yi ba. Kauda wa zai yanka? Daddawa wa zai surfa? Gyaɗa wa zai soya ya matse? Na tashi a gidan da ake daka da asuba, hannun mahaifiyata duk kanta, kafaɗarta har ta rasu tana ciwo. Ranar da injin niƙa ya zo unguwarmu mata har guɗa suka yi. Yanzu mace ta je aiki ta dawo, ta yi girki, ta duba aikin makarantar yara, sannan maigida ya karanta wani abu a waya ya ce daga yau a gida za a riƙa yin sabulu. A'a. Wanda ya ga sha'awar abu ya naɗe hannun rigarsa.

Maman Sadiq: Anti Larai kin taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Ni dai a gidana shi ke yanka tumatirin da yara ranar Asabar, ni nawa juyawa da kwashewa. Da farko kunya yake ji kada maƙwabta su gani.

Baban Ummi: Anti, na karɓi wannan. Ni zan koya, ba Maman Ummi zan ɗora wa ba. Ta ma riga ta gaya mini haka kafin ke.

Oga Walda (Tsohuwar Panteka): Salam. Shekarata 26 a Panteka, bari in faɗi abin da na gani. Mutane irinku suna zuwa wurinmu, musamman bayan an cire tallafi. Mutum ya zo da mota ya ce yana son ya koyi walda "ko a wata ɗaya." Ka ba shi burushi ka ce ya kankare tsatsa, kwana biyu ba ka ƙara ganinsa. Wani kuma ya zo da waya a hannu, ya ce ai ya kalla a YouTube, ba haka ake riƙewa ba. To bidiyo zai nuna maka yadda ake riƙewa, amma ba zai gaya maka ƙarar da ƙarfe ke yi in wuta ta yi masa yawa ba. Wannan kunne ne. Maƙerin gargajiya da ke bayanmu, launin ƙarfe kawai yake kallo cikin gawayi ya san lokacin fitarwa, yaron da ke masa zuga-zugi kuma shekara guda yana zugar kafin a ba shi masaba. Ba mugunta ba ce, a nan idonsa ke koyon wuta.

Amma Injiniya yana da gaskiya ta wani gefen. Ba sai ka zama ni ba. Akwai abin da ya kamata kowane magidanci ya iya ba tare da ya kira kowa ba: wasa wuƙa da adda a dutse, sa ƙota, canza robar famfo mai yoyo, toshe hudar kwanon rufi kafin damina, gyara pata na ƙofa, ɗaure igiya ɗaurin da ba ya kwancewa. Waɗannan in ka zauna kusa da mai yi Asabar huɗu ka iya. Mutum ya kira ni tun daga Mando saboda kusa ɗaya da ta fita, kuɗin mota ya fi kuɗin aikin, ni kaina kunya nake ji in karɓa.

Injiniya: To Oga, in wannan ake nufi ba mu da saɓani. Gyara da adanawa daban, komawa kaɗi da mazari daban.

Kawu na Kakuri: 'Ya'yana ku ba ni wuri in sa baki. Ɗana ne ke rubuta mini, idona ba ya ganin ƙananan rubutu. Na yi shekara 19 a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Ku da ba ku ga lokacin ba, in an tashi aiki kekuna ne ke rufe titi. Masaƙar KTL tun 1957 take, ga ta Arewa, ga ta UNTL, ga sauransu. Mun ɗauka aikin nan har jikokinmu. KTL ta tsaya a 2002, UNTL a 2007. Abin da na gani da idona shi ne, waɗanda muke yi wa dariya su suka tsira. Akwai abokina da ke zuwa da hula yana ɗinki lokacin hutun rana, muna ce masa Bazazzagi ba ya rabuwa da allura. Da aka rufe ƙofa, allurar ce ta aurar masa da 'ya'ya. Ni da na san inji ɗaya tak, injin da ba ni da shi a gida, sai da na koma ina da shekara 47 na durƙusa gaban ƙanin matata ya koya mini kiwon awaki da noman fadama a bakin kogi. Injiniya, lissafinka daidai ne muddin albashin na zuwa. Mu ma haka muka lissafa.

Injiniya: Kawu Allah ya ƙara girma. Ba ni da amsar wannan.

Malamin Gona (Mando): Bari in koma kan waken Baban Ummi, don akwai haɗari a ciki. Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo shi, ƙwansa na manne a jiki, ba daga ɗakinka ya shiga ba. Abin da yake buƙata iska ce. Ka hana shi iska, ya mutu. Ka shanya wake ya bushe sosai, har in ka ciza ya fashe ƙas. Ka bar shi ya huce a inuwa. Ka samu jarka mai tsabta wadda ba a taɓa zuba fetur ko magani a ciki ba, busasshiya ƙarau. Ka cika ta har wuya kana girgizawa don kada a bar sarari, ka sa leda a baki ka murɗa murfi tam. Kada ka riƙa buɗewa kana leƙawa, ka bar ta aƙalla wata biyu. Wanda za a ci a wannan watan a ware shi daban. Mai buhu guda ko fiye ya nemi buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, kowane a ɗaure shi daban. Jami'ar Purdue ta Amurka ce ta fito da shi, kuma saboda wake aka fara yin sa.

Kakanninmu da suke cakuɗa wake da toka ko yashi mai laushi a tukunya su liƙe baki da laka, hikimar ɗaya ce: cike sarari, toshe iska. Abin da nake roƙo, don Allah kada wanda ya yayyafa fiya-fiya a abin da za a ci. Irin wannan maganin ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015. Su sun ƙi, mu muna ci.

Sani Keke: Malam ai a unguwarmu cewa ake in an shanya a rana maganin ya fita.

Malamin Gona: Wari ne ke raguwa Sani, ba shi ke nuna babu saura ba. Jarka ta fi arha kuma ba ta kai kowa asibiti.

Maman Grace (Sabon Tasha): Sannunku da hira. Ni 'yar Kachia ce, mun tashi cikin citta. Abin da Oga Walda ya faɗa na kunne, mu a hannu yake. Tsaga citta a shanya kowa na iya gani, amma sanin ta bushe har ciki sai ka karya ka ji. A 2023 da cuta ta shiga gonakin citta a Kachia da Jaba da Kagarko, gidajen da suka dogara da ita kaɗai sun sha wuya, waɗanda ke da acca da gwaza da 'yan dabbobi a gefe suka ɗan samu sauƙi. Ni nan cikin gari buhuna nake nomawa. Buhun siminti ko na shinkafa, ƙasa da ruɓaɓɓen taki, a huda ƙasansa ruwa ya riƙa fita. Alayyafo, yakuwa, ugu, attaruhu, guda 14 a jikin katanga. Kuskuren da na yi da farko, ɗanyen kashin kaji na zuba, ya ƙone shukar duka. Sai an tara shi ya daɗe ya ruɓe ya huce tukuna. Kuma ruwan wanki mai omo ba na ba su, na wankin shinkafa da kayan miya nake tarawa.

Maman Sadiq: Maman Grace mai gidan hayarku bai hana ba? Namu cewa ya yi za mu jiƙa masa katanga.

Maman Grace: Na ɗora su kan tayoyi, na ja su taku ɗaya daga bango. Kuma duk sati ina aika wa matarsa alayyafo, shi ke nan magana ta mutu.

Abba Ɗalibi (Kabala): Ni tambayata kan randa cikin randa ce. Na karanta labarin Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa da ya samu kyautar Rolex a 2000 saboda ita. Ƙaramar tukunya cikin babba, yashi a tsakani, a jiƙa yashin, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, abin da ke ciki ya yi sanyi. Da yake wuta ba ta zama, na gwada a watan Agusta. Tumatir ya ruɓe cikin kwana huɗu, har da furfura. Anya abin nan ba zuzutawa ba ne?

Malamin Gona: Abba lokacin ka kuskure. Sanyin daga tashin ruwa yake zuwa: ruwan yashin na ratsa babbar tukunyar yana bin iska, yana tafiya da zafin. A Agustan Kaduna iskar kanta a jiƙe take, ina za ta kai wani ruwan? Ka sake gwadawa a Maris ko farkon Afrilu, ka ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa, ka jiƙa yashin safe da yamma. Babbar kada ta kasance mai fenti ko mai sheƙi. Kuma ba firiji ba ce, kada ka sa nama ko kifi. Yalo, tumatir, ganye, ruwan sha.

Abba Ɗalibi: A cikin ɗaki ma na ajiye, bayan ƙofa. To na gane.

Oga Walda: Ka gani ko? Da tsohuwa mai tukwane ka tambaya da ta gaya maka a minti ɗaya.

Ummu Hanan (Kinkinau): Tunda an ambaci sabulu, ina da gargaɗi. Sabulu iri biyu ne mutane ke haɗawa. Akwai sabulun salo na iyayenmu: a ƙona karan dawa ko na gero, a tace tokar da ruwa, a dafa ruwan ya yi ƙarfi, a zuba man kaɗe ana juyawa. Wahala ce da hayaƙi, amma kayan duk namu ne. Akwai kuma na soda da ake koyarwa a tarukan kwana biyu a ba ka takarda. Ni na je irin wannan taron, an koya mana awo, ba wanda ya ce mana uffan kan haɗari. Soda ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba ruwa a kan soda ba. Ba a haɗawa a tukunyar dalma, tana cin ta. Safar hannu, kuma a waje. Sabulun wanka a bar shi ya yi kamar sati huɗu kafin ya taɓa fata. Babban abin, ruwan soda fari ne tas kamar ruwan sha. Wata da muka yi taron tare ta zuba nata a gorar ruwa ta ajiye a ƙasa, ɗanta mai shekara biyu ya kurɓa. Ya rayu, amma har yau haɗiya na ba shi wuya. In da ƙananan yara a gida kuma ba ki da wurin kullewa, ki haƙura da soda.

Anti Larai: Innalillahi. Allah ya ba shi lafiya. Kun ga abin da nake gudu, a kwaso sana'a a kwana biyu a kawo cikin gida.

Sani Keke: Ni fa burina in na samu fuloti a Danbushiya in yi ginin ƙasa. Ɗakin kakana a bazara kamar da na'urar sanyi.

Injiniya: Nan kuma fannina ne. Gaskiya ne katangar ƙasa mai kauri na riƙe sanyin dare har rana. Kuma ba ƙaramin ilimi ba ne: masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, da tubali da azara aka ɗaga bakan gizon nan da ke riƙe da rufinsa, masana gine-gine na duniya suna zuwa kallo. Amma ginin ƙasa kamar dabba yake, sai da kiwo. Da can duk shekara ana yaɓe, ana shafa makuba, ana duba indararo. Mun ga abin da ya faru a Agustan 2023 da wani sashen masallacin ya rufta kan masallata, Allah ya ji ƙansu. Ruwan Kaduna kuma ya fi na Kano da Katsina. In za ka yi, tushe ya zama na dutse da siminti ya ɗago sama da ƙasa, rufi ya fito sosai ya kare bango. Matsalarka ta gaske magini ce. Wanda ya iya zaɓen ƙasa da cuɗa ta da ciyawa, yau sai ka shiga Zariya cikin ganuwa ka yi cigiya.

Mai Kula da Zaure: Jama'a mu dawo kan tambayar Baban Ummi. Ginin ƙasa a buɗe masa nasa zancen daban.

Malam Mai Allo (Badarawa): Ina ganin ba a fita daga zancen ba, don Injiniya ya taɓo tushen. Me ya sa magini ya yi wuya? Mu muka raina su. Ƙira, jima, dukanci, fawa, wanzanci, duk mun mayar da su abin gado, kuma gadon da ake gori da shi. Har yau akwai gidan da yaro zai je neman aure a ce a bincika ko ɗan mahauta ne. To ɗan maƙeri da ya ga haka me zai sa ya zauna a maƙera? Sai ya sayi babur. Alhali hadisi ingantacce ya ce babu abincin da ya fi wanda mutum ya ci daga aikin hannunsa, kuma Annabi Dawuda, alaihis salam, daga aikin hannunsa yake ci. Sulke yake ƙerawa. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da kansa yake gyara takalminsa, yake ɗinke tufarsa. Mu kuma Sani yana neman tela saboda maɓalli.

Sani Keke: Allah gafarta Malam, a rufa mini asiri mana!

Maman Grace: Malam gaskiya ne. Ku duba bayan naira 20, Ladi Kwali ce zaune tana ginin tukunya. A wurin 'yar uwar iyayenta ta koya tun tana yarinya, ba a aji ba, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Amma yau 'yarka ta ce tukwane za ta gina, sai a ce wa aka yi wa laifi.

Oga Walda: Yanzu an ɗan fara gyarawa. Poli ta Kaduna ta shigo Panteka, ana gwada mutum a kan aikin da ya iya a ba shi takardar shaida. Yarana biyu sun samu. Takardar ba ta ƙara musu iyawa ba, amma ta sa surukai sun daina tambaya.

Hajiya Babba (Unguwan Sarki): Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Ni daddawa nake yi shekara sama da 30, a hannun kakata na koya. Kalwa sai ta wuni a wuta, a surfa a cire ɓawo, a wanke, a sake dafawa, a zuba a kwando a rufe da ganye a lulluɓe, kwana biyu zuwa uku tana nan tana yin kanta. Ranar buɗewa hanci ne alƙali, kuma wannan ba na iya rubuta muku shi. Na yarda in koya wa duk mai so. Amma ina da sharaɗi, kuma ku yi haƙuri da ni. Yara 'yan jami'a sun sha zuwa su ɗauke ni a waya, su yi tambayoyi, su tafi da "Allah ya saka." Itacen ma ni na saya. In za ku je wurin tsohuwa ko tsoho neman ilimi, ku tafi da kayan aikinku, ku kuma sa musu wani abu a hannu. Kuna biyan kuɗin koyon kwamfuta ba ku yi ƙorafi ba.

Kawu na Kakuri: Hajiya ta faɗi gaskiya. Ni buhun dusa biyu na kai wa wanda ya koya mini kiwo, ƙanin matata ne kuma.

Baban Ummi: Hajiya ranki ya daɗe, an karɓa. Ga abin da na tsinta, a gyara mini in na yi kuskure. Ba za mu kwashi komai a lokaci ɗaya ba. Abu ɗaya a wata, a gidan mai sana'ar ko shagonsa, mutum bai wuce takwas ba don kowa ya taɓa da hannunsa. Kowa ya zo da kayansa da abin da aka yanka na malami. Waya a aljihu har a gama. Mu bi yanayi: wake yanzu da yake sabo ne, kauda in tumatir ya faɗi, randa a bazara, buhuna da toshe rufi kafin ruwan farko.

Anti Larai: Ka ƙara ɗaya. Duk namijin da ya sa sunan matarsa ba tare da ya tambaye ta ba, a cire shi a sa nasa.

Injiniya: Na goyi baya. Ku sa ni a na wasa wuƙa da famfo. Daddawa kuma zan ci gaba da saye a wurin Hajiya, ita ma ai sai da masu saye.

Hajiya Babba: Allah ya yi maka albarka ɗana, kai ne ka fahimci zancen.

Malamin Gona: Masu kaji su tuna hunturu na tafe, lokacin da cutar nan ke share garke cikin sati. Akwai rigakafin da ake ɗigawa a ido, ana yin sa a Vom ta jihar Filato. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin gida ɗaya, kuma in an haɗa ba ta kwana, don haka ku haɗu gida biyar ko shida a yi rana ɗaya. Zan nuna yadda ake riƙe kazar in mun haɗu.

Oga Walda: Asabar mai zuwa bayan azahar ina shago. Kowa ya zo da wuƙar gidansa mafi dakushewa da tsohuwar riga. Kada wanda ya zo mini da farar shadda.

Abba Ɗalibi: Oga ni ba ni da abin biya sai ƙarshen wata.

Oga Walda: Ka zo. Akwai tsatsa da yawa, burushi na jiranka.

Baban Ummi: Na kira Baba na gaya masa. Ya yi dariya ya ce in an zo kan ƙota a bari sai ya dawo ganin likita ranar 12, shi zai koyar, kuma ba ya son kuɗi, goro kawai. Ya ce in tambaya ko a cikinku akwai wanda ya san icen da ba ya tsagewa.

Sani Keke: Shiru kake ji.

Maman Sadiq: Jarka fa, mai lita 25 ko ƙarama? Ina da guda uku na man gyaɗa, in an wanke sun yi?

Malamin Gona: Sun yi. Ki wanke da ruwan zafi da toka, ki kife su a rana kwana biyu, ki shinshina. In akwai sauran warin mai ki sake.